Wa'adin sakan 30 da ya ƙi cika

Akwai wata irin matsala da takan sa mai rubuta manhaja ya zargi kowa da komai kafin ya kai ga mai laifin. An ce wa manhaja ta jira amsa na sakan 30, in ba ta samu ba ta haƙura ta sake gwadawa. Kullum haka take yi. Amma wata rana sai ta haƙura tun sakan ɗaya bai cika ba, wata rana kuma ta zauna jira har sai an zo an kashe ta da hannu. A duba waya, a duba sabar, a zargi masu ba da intanet, duk lafiya lau. In ka ga haka, musamman a mintunan farko bayan an kunna na'ura, ka ƙyale hanyar sadarwa ta huta, ka je ka tuhumi agogo.

Wani abokin aikina ya gaji wata manhaja da aka rubuta da C, wadda ke kan ƙananan kwamfutoci na Raspberry Pi. Aikinta ba wani mai wuya ba ne: ta karanta na'urorin auna zafi, ta tura sakamako ga sabar, ta jira a ce mata an karɓa. Wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin aikin. Ƙorafin da ake ta kawowa shi ne duk lokacin da wuta ta ɗauke ta daɗe kafin ta dawo, wasu daga cikin na'urorin sukan tashi sarai, fitilunsu na ƙyaftawa, ana iya shiga cikinsu daga nesa, amma ba sa tura komai. Da an sake tayar da manhajar sai ta ci gaba kamar ba a yi ba. Ya ce mini, “Malam, na bi kod ɗin nan layi-layi, babu inda ake jira ba tare da wa'adi ba.” Gaskiyarsa kuwa. Kowane jira yana da wa'adi. Abin tambaya shi ne da wane agogo ake auna wa'adin.

Kwamfuta ba agogo ɗaya gare ta ba. A Linux akwai CLOCK_REALTIME, agogon bango ke nan, wanda ke ƙirga sakan tun daga 1 ga Janairu 1970 kuma shi ke faɗa maka kwanan wata da ƙarfe nawa. Wannan ana iya gyara shi, a tura shi gaba ko a mayar da shi baya, ko da hannu ko ta manhajar daidaita lokaci. Akwai kuma CLOCK_MONOTONIC, agogon ƙidaya, wanda bai san kwanan wata ba, ƙirga kawai yake yi tun daga tashin na'ura, kuma ba wanda ya isa ya mayar da shi baya. Na farkon yana amsa “yanzu ƙarfe nawa?”, na biyun yana amsa “an ɗauki tsawon wane lokaci?”. Wa'adin jira tambaya ta biyun ce. Sai dai time() da gettimeofday(), waɗanda hannun kowa ya saba da su, na agogon bango ne, haka ma System.currentTimeMillis() a Java, da time.time() a Python, da Date.now() a JavaScript.

Su kuma na'urorin Raspberry Pi da suka gabaci Pi 5 ba su da ƙaramin agogon nan mai batir da ke ci gaba da tafiya bayan an kashe kwamfuta. Dabarar da ake yi ita ce a riƙa ajiye lokaci a wani fayil, in na'ura ta tashi ta ɗauko daga inda ta tsaya, wanda shi ne aikin fake-hwclock. Wato in ta yi awa 6 a kashe, za ta tashi tana bayan duniya da awa 6 ko fiye. Manhajar abokina takan tashi cikin 'yan sakanni, ta aika saƙon farko, ta sa wa'adi. Can sai intanet ya kama, chrony, manhajar daidaita lokaci, ya tuntuɓi sabobin lokaci, ya ga gibin, ya gyara. A fayil ɗin tsarin chrony da yawancin nau'o'in Linux ke zuwa da shi akwai layin makestep 1.0 3. Ma'anarsa, in gibin ya wuce sakan 1, a gyare-gyare 3 na farko bayan tashi, kada a tsaya lallaɓawa, a yi tsalle kai tsaye. To tsallen nan yakan faɗo ne daidai tsakiyar jiran manhajar.

Ba mu gano haka da hasashe ba, rajistar na'ura ce ta nuna. Sai dai rajista ma tana da nata tarkon, domin lokacin da ake rubutawa a gaban kowane layi daga agogon bango yake fitowa, wato daga bakin wanda ake tuhuma. In agogo ya koma baya za ka ga layukan sun hau kan juna, in ya yi gaba za ka ga gibin awoyi kamar na'urar ta suma alhali ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Maganin wannan shi ne journalctl -b -o short-monotonic, wanda ke jera komai da agogon ƙidaya. Da muka buɗe ta haka, sai ga labarin a jere: manhaja ta tashi a wajen sakan na 14, ta aika saƙo, a wajen sakan na 20 chrony ya rubuta cewa ya tsallakar da agogo da sakan dubu 21 da 'yan kai, daga nan manhajar ba ta sake cewa uffan ba.

Nan ne abin ya ɗan ɗaure mana kai. Hankali yana cewa in agogo ya yi gaba, wa'adi zai cika da wuri, manhaja ta haƙura ta sake gwadawa. To me ya kawo tsayawa cak? Amsar tana cikin layuka uku:

deadline = time(NULL) + 30;
saura = (deadline - time(NULL)) * 1000;
poll(fds, n, saura);

Layin farko sau ɗaya ake yin sa, biyun ƙarshe kuma suna cikin madauki, domin poll, kiran da ke jiran amsa na tsawon milisakan ɗin da aka ba shi, yakan farka saboda wasu dalilai, a sake lissafa abin da ya rage a koma jira. Kafin tsalle, saura yakan ba da wani abu kamar milisakan 24,000. Bayan tsalle, “yanzu” ya wuce wa'adi da awoyi, sai lissafin ya faɗa ƙasa da sifili. Shi kuma poll, duk lambar da ke ƙasa da sifili a wurinsa tana nufin jira har abada. Ba kuskure ba ne a wajensa, haka aka rubuta a ƙa'idarsa. Saƙon farko ya ɓace tun lokacin da hanyar sadarwa ba ta gama kamawa ba, amsa ba za ta taɓa zuwa ba, wa'adin da zai ceci manhajar kuma ya rikiɗe ya zama umarnin zaman dirshan.

Wannan ya sa nake gargaɗin mutane kada su yi saurin karanta alkiblar tsalle daga alamar ciwo. Tsallen gaba yana iya kawo cikar wa'adi nan take, yana kuma iya kawo jira mara iyaka kamar yadda muka gani. Tsallen baya ma haka. In manhaja tana jiran agogo ya kai wani lokaci, aka mayar da shi baya da minti 4, jiran sakan 30 ya zama na minti 4 da rabi. In kuwa lissafinta “yanzu a debe lokacin farawa” ne, kuma tana ajiye sakamakon a irin lambar da ba ta karɓar ƙasa da sifili, to debewar za ta zagayo ta zama wata ƙatuwar lamba, manhaja ta ɗauka shekaru sun wuce, ta yanke duk haɗin da take da shi lokaci guda. Ciwo ɗaya, fuska huɗu.

Da a ce a kod ɗinka kaɗai matsalar ke zama, da da sauƙi: ka nemo duk inda aka kira time(), ka musanya. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Jira iri biyu ne a ƙasan tsarin. Akwai wanda ake ba shi tsawon lokaci, kamar poll da select da epoll_wait da nanosleep, waɗannan Linux yana auna su da agogon ƙidaya, tsalle ba ya taɓa su muddin lambar da aka miƙa musu daidai ce. Akwai kuma wanda ake ba shi takamaiman lokacin da zai farka. pthread_cond_timedwait na cikin wannan rukunin, kuma in ba ka ce komai ba agogon bango yake kallo, sai ka kira pthread_condattr_setclock tun wajen ƙirƙira ka ce masa CLOCK_MONOTONIC. Shi sem_timedwait ko wannan zaɓin ba shi da shi. Sai a 2019, da fitowar glibc 2.30 (glibc shi ne babban laburaren C na Linux), aka samu sem_clockwait da pthread_cond_clockwait, waɗanda ke ba ka damar faɗin agogon da kake so.

Abin takaicin, manyan harsuna a kan waɗannan suka ginu. Mai rubuta C++ zai rubuta wait_for da sakan 30, ya ga ko kusa bai taɓa agogon bango ba, alhali a laburaren GCC, kwamfailar da ke juya kod zuwa manhaja, kafin GCC 10, ana juya wannan tsawon lokacin zuwa wa'adin agogon bango a ƙarƙashin ƙasa. Python ta samu time.monotonic() tun 3.3 a 2012, amma sai a 3.11 aka sanar cewa jiran makulli mai wa'adi ya koma kan agogon ƙidaya, shi ma in glibc ɗin na'urar yana da sem_clockwait. Saboda haka in wani ya ce maka “ni fa monotonic nake amfani da shi ko'ina”, kada ka ƙaryata shi, amma ka tambaye shi da wane kwamfaila aka haɗa manhajar, kuma a kan wace na'ura take gudana.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a leƙa abin da manhajar ke gaya wa kanel, wato zuciyar Linux, da bakinta. Ka maƙala mata strace -f, mai nuna kiraye-kirayen da manhaja ke yi wa kanel, tana cikin tsayuwar nan. In ka ga poll da wa'adi ƙasa da sifili, magana ta ƙare. In ka ga futex ɗauke da FUTEX_CLOCK_REALTIME tare da wata doguwar lamba a matsayin wa'adi, wannan zaren, wato reshen manhajar da ke gudana da kansa, yana jiran agogon bango ne, kuma kana iya juya lambar zuwa kwanan wata da date -d ka ga ranar da yake sa ran farkawa. Abu ɗaya da kan ruɗa sabon shiga: ba za ka ga clock_gettime ko gettimeofday a strace ba a yawancin na'urori, domin ana amsa su ta vDSO ba tare da an shiga kanel ba. Rashin ganinsu ba shaida ba ce cewa manhajar ba ta duba agogo.

Sai tambayar wa ke taɓa agogon. Sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. Na ga na'urar da chrony ke kai, ga kuma wani tsohon layi a cron, mai gudanar da ayyuka bisa jadawali, da ke kiran ntpdate, wani mai gyara agogo, duk awa, shi kuwa ntpdate in gibi ya wuce rabin sakan tsalle yake yi. A kwamfutocin da ke gudana cikin wata kwamfutar, kayan aikin uwar gidan ma sukan gyara agogon baƙo, musamman bayan an dakatar da shi an sake tayarwa ko an ƙaurar da shi zuwa wata na'urar, sai ka samu direbobi biyu a sitiyari ɗaya, kowa na ja nasa ɓangaren. Umarnin timedatectl da chronyc tracking za su nuna maka halin da ake ciki yanzu. In kana son kama mai hannu a ciki, ka sa auditd, mai sa ido a kan kiraye-kirayen kanel, ya rubuta duk wanda ya kira clock_settime ko settimeofday ko clock_adjtime. Masu aiki da kwantena, wato keɓaɓɓun akwatunan gudanar da manhaja, kuma su sani agogon bangonsu na na'urar da ke ɗauke da su ne, don haka a can za a nemi rajistar, ba a cikin kwantenar ba.

Wanda ke ganin wannan ciwon ƙananan manhajoji ne kawai, ya tuna daren 30 ga Yuni 2012. An ƙara sakan ɗaya ga agogon duniya, irin ƙarin da ake yi jifa-jifa tun 1972 don agogo ya yi daidai da juyawar ƙasa. Wani kuskure a kanel ɗin Linux ya sa bayan gyaran ba a sanar da masu ƙidayar wa'adi ba, sai duk jiran da bai kai sakan ɗaya ba ya riƙa cika nan take. Manhajojin Java da MySQL suka shiga juyi ba tsayawa, suka cinye ƙarfin sabobi, shafuka irin Reddit suka durƙushe. Maganin da aka yi ta yaɗawa a daren abin dariya ne: ka sa wa agogo lokacin da yake kai da umarnin date -s, wannan kaɗai ya isa ya farkar da kanel. A farkon 1 ga Janairu 2017 kuma, bayan wani ƙarin sakan ɗin, manhajar DNS, mai juya sunan shafi zuwa adireshi, ta kamfanin Cloudflare da aka rubuta da harshen Go ta debe lokaci daga lokaci ta samu ƙasa da sifili, ta miƙa lambar ga wani aikin da ba ya karɓar irinta, ta faɗi. A watan Agusta na shekarar Go 1.9 ya fito, inda time.Now() ke ɗauke da karatun agogon ƙidaya a ɓoye, ana amfani da shi wajen debewa. A ganina wannan ce dabara mafi kyau da wani harshe ya yi a kan lamarin, domin ba ta dogara da cewa mai rubutu zai tuna ba. A 2022 an yanke shawarar daina ƙarin sakan nan zuwa 2035, amma na'urar da ta tashi da agogon jiya ba ruwanta da wannan shawarar.

Da muka gano bakin zaren, shawarar farko da aka kawo ita ce a kashe chrony baki ɗaya. Ban goyi baya ba. Na'urar da ba ta san kwanan wata ba za ta riƙa ƙin takardun shaidar tsaro na TLS masu kyau tana cewa lokacinsu bai yi ba, Kerberos, tsarin tantance masu shiga, kan kori wanda agogonsa ya kauce da fiye da minti 5, kuma ma'aunin zafin da aka rubuta da lokacin ƙarya ba shi da amfani ga kowa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Shawara ta biyu ta fi hankali: a hana tsalle, a bar lallaɓawa kawai, wato a riƙa ɗan ƙara wa agogo sauri ko a rage masa har ya daidaita. Wannan yana da kyau ga sabar da ta daɗe a kunne, kuma shi ya sa makestep ke taƙaita tsalle ga gyare-gyaren farko. Amma a yi lissafi. Shi ntpd, takwaran chrony, wanda ya samo asali daga aikin David Mills na Jami'ar Delaware, yakan yi tsalle in gibi ya wuce milisakan 128 ya kuma dawwama, in ya wuce sakan 1,000 ma sai ya ajiye aikin ya fita, sai dai in an ba shi -g. Lallaɓawarsa ba ta wuce rabin milisakan a kowane sakan. Gyara sakan ɗaya zai ci sakan 2,000, gyara minti 10 zai ci kusan mako 2. Chrony ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, yana iya cike sakan ɗaya cikin sakan 12, amma ko shi awa 6 za ta ɗauke shi kwana 3. Ga na'urar da ba ta da agogon batir, tsallen farko ba makawa.

Ta uku ita ce a hana manhajar tashi sai agogo ya daidaita, ta hanyar time-sync.target a systemd, mai tayar da manhajoji a Linux, tare da chrony-wait ko systemd-time-wait-sync. Mun yi amfani da wannan ga ɓangaren da ke buga lokaci a kan ma'auni, inda ake buƙatar kwanan wata na gaskiya. Sai dai ba ya warkar da wa'adi, ɓoye ciwon kawai yake yi har ranar da wani zai gyara agogo da hannu, kuma in intanet bai zo ba manhajar za ta yi ta jira ko ta tashi a makare.

Gyaran gaskiya bai kai layi 20 ba. Duk inda ake auna tsawon lokaci ya koma clock_gettime da CLOCK_MONOTONIC. Aka sa sharaɗi kafin poll: in saura bai haura sifili ba, wa'adi ya cika, kada ma a kira shi. Aka gyara wurare biyu da ke amfani da pthread_cond_timedwait. Agogon bango aka bar masa aikinsa na rubuta lokaci a kan sakamako. Akwai wani zare guda da ke tura rahoto da ƙarfe 12 na dare, wanda dole agogon bango zai bi. Shi aka mayar da shi kan timerfd da tutar TFD_TIMER_CANCEL_ON_SET, wadda ke sa kanel ya tashe shi da ECANCELED duk lokacin da agogo ya yi tsalle, ya sake lissafi.

Kada dai a ɗauka agogon ƙidaya waliyyi ne. Tsalle ba ya taɓa shi, amma lallaɓawa tana taɓa shi, don haka lokacin da chrony ke ja da iyakar ƙarfinsa, jiran sakan 60 yana iya zama kusan 55 ko 65 a zahiri. Ga wa'adin sadarwa wannan ba komai ba ne, ga mai auna saurin wani abu kuwa akwai CLOCK_MONOTONIC_RAW, wanda lallaɓawa ba ta taɓa shi. A Linux kuma agogon ƙidaya ba ya ƙirga lokacin da na'ura ke barci, saboda haka kwamfutar tafi-da-gidanka da aka rufe aka buɗe washegari za ta ɗauka izinin minti 5 da ta karɓa jiya yana nan da ransa. Wannan aikin CLOCK_BOOTTIME ne, wanda ke ƙirga har da lokacin barci. Kuma lambar agogon ƙidaya ba ta da ma'ana a wajen na'urar da ta ba da ita, ko bayan an sake kunnawa, don haka ba a ajiye ta a fayil, ba a tura ta ga wata kwamfutar a matsayin wa'adi. In za ka gaya wa wata na'ura ta jira, ka tura mata tsawon lokacin, ita ta auna da nata agogon.

Gwajin da muka ƙara a jerin gwaje-gwajen manhajar mai sauƙi ne, kuma a na'urar gwaji ake yin sa, ba kan wadda ke aiki ba. A tsayar da chrony, a toshe amsar sabar don manhajar ta shiga jira, sannan a tura agogo gaba da awa 6 da date -s a ga ko za ta haƙura a sakan na 30. A maimaita da mayar da shi baya da awa 1. Inda ba a son taɓa agogon na'urar duka, libfaketime yana iya yi wa manhaja ɗaya ƙaryar lokaci, sai dai tunda kanel bai san da ƙaryar ba, ba ya nuna duk abin da tsallen gaske zai nuna, don haka na fi son date -s. A gwajin baya ne wani laburaren sadarwa da manhajar ke jingina da shi ya nuna nasa halin: ya riƙe haɗin da ya mutu har awa guda cur. Wannan ba kod ɗinmu ba ne, sai muka kewaye kiran da namu wa'adin na agogon ƙidaya, abokina kuma ya tura wa masu laburaren rahoto tare da fitar strace da matakan maimaita matsalar.